Cire injin mai a sa batir: kwalliya za ta biya kuɗin sabulu a Nijar?



Makon jiya wani ɗan uwanmu da ke aikin gini a Libiya ya turo mana saƙon murya, haɗe da wani bidiyo da ke yawo a WhatsApp. A bidiyon an buɗe gaban wata tsohuwar mota, babu inji, sai wayoyi da akwatunan batir, aka tada ta tana tafiya shiru kamar keke. Tambayarsa ita ce: yana da tsohuwar Starlet a gida, ƙanensa ke taksi da ita, inji ya buga tun kafin damina. Ya turo kuɗin wani injin ne, ko ya ƙara haƙuri ya tara a mayar da ita ta lantarki, a huta da sayen esansi gaba ɗaya? Ya ce kuɗin gumin shekara biyu ne, ba ya so ya zuba su rijiya.

Ba shi kaɗai ke wannan tunani ba, kuma mun san abin da ya kawo shi. Shekara da shekaru, mu mutanen bakin iyaka, daga Ƙonni zuwa Ɗan Isa har Magarya, man Najeriya muke sha. Gwamnatin can ke biyan tallafi, ƴan ruwa-ruwa su tsallako da jarkoki a bayan moto, mu saya a kwalba bakin hanya ƙasa da kuɗin gidan mai. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin a jawabinsa na rantsuwa. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen 500 cikin ƴan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Ruwa-ruwa ta daina riba, kowa ya nufi gidan mai, matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 don tace ganga 20,000 a rana, ta tsinci kanta da kayan da ba ta saba ɗauka ba. A Yulin 2024 gwamnati ta sauko da lita daga sefa 540 zuwa 499, talaka ya ji daɗi. Sai ga Maris na 2025 da layukan da ba mu manta ba, a Yamai da sauran garuruwa, mutum ya kwana a layi don lita biyar. Duk wanda ya tura moto da ƙafa a wancan watan, in ka nuna masa motar da ba ta shan mai, dole ya tsaya ya kalla.

To bidiyon ba ƙarya ba ne. Ana juya motar mai ta koma ta lantarki, kuma aikin bai fi ƙarfin fahimtar makanikenmu ba. Ana sauke inji, da tankin mai, da salansa, da duk kayan sanyaya inji. A gurbinsu a ɗaura injin lantarki, ɗan uwan wanda ke juya fanka ko famfon ban ruwa, sai dai ya fi su ƙarfi nesa. Yawanci ana barin akwatin giya yadda yake, mai walda ko mai injin feƙe ƙarfe ya ƙera farantin da zai haɗa shi da sabon injin. Sai na'urar da ke daidaita wuta gwargwadon yadda direba ya taka, sai caja, sai batura, sai wata ƴar na'ura da ke gadin baturan don kada wani ya cika fiye da kima ko ya zube ƙasa. Akwai ƙananan abubuwa da ake mantawa: birkin yawancin motoci da iskar da inji ke zuƙa yake samun laushi, in ka cire inji sai ka sa masa ɗan famfo na daban, in ba haka ba ka taka birki ka ji shi kamar dutse. Fitilu da oda kuma suna nan a kan wutarsu ta bolt 12, su ma sai an nema musu hanya.

Wannan aiki a Amurka da Ingila da Jamus ya fara ne a matsayin sha'awa. Mutum yana da aikinsa, yana da motar da yake hawa kullum, sai ya ajiye wata tsohuwa a garejin gida yana taɓa ta ranakun hutu, shekara ɗaya, shekara biyu. Sun fi son Volkswagen ɗin nan mai kama da kunkuru, don ba ta da nauyi kuma cikinta ba rikici. Injin lantarki da batura suna samo su ne daga motocin Tesla da Nissan Leaf da suka yi hatsari. Ba don rage kashe kuɗi suke yi ba, kamar dai mai kiwon doki ne a gari, shi ya san dokin ba zai mayar masa da kuɗin dawa ba. A Faransa ma gwamnati ta shigo cikin maganar: tun Maris na 2020 doka ta yarda a juya motar da ta wuce shekara biyar, amma sai a hannun kamfanin da aka tantance, da kayan da aka tantance. Kuɗin aikin yakan haura Yuro 10,000, wato sama da sefa miliyan shida da rabi. Ƴan uwanmu na can su riƙe wannan: abin da maƙwabcinka ke yi don nishaɗi, ƙanenka a Maraɗi da shi zai ciyar da gida. Lissafinsu ba ɗaya ba ne.

Kusa da mu an gwada. A 2014 wani ɗalibin jami'ar Ile-Ife mai suna Segun Oyeyiola ya juya irin wannan Volkswagen, ya shimfiɗa mata farantin sola a rufi, ya ƙara mata fankar iska. Jaridu sun yi ta yabonsa, kuma ya cancanci yabo. Sai dai mu faɗi gaskiya kan fankar, don mun ji masu cewa a sa wa mota fanka ta riƙa cajin kanta tana tafiya: iskar da ke juya fankar, motar ce ke ture ta da ƙarfin batir, abin da fanka za ta mayar bai kai abin da ta ci ba. Duk wanda ya ce zai haɗa maka motar da ba a caji har abada, riƙe aljihunka.

Wanda ya fi dacewa mu duba shi ne Mustapha Gajibo na Maiduguri, matashin da ya bar jami'a bai gama ba ya kafa kamfanin Phoenix Renewables. A 2022 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa ya cire injin mai daga ƙananan bas guda 10 ya mayar da su na batir, suna cin kilomita 100 da caji ɗaya, suna ɗaukar fasinja cikin gari. Maiduguri gari ne mai zafi da ƙura irin namu, kuma tun Janairun 2021 ya sha dogon duhu bayan ƴan ta'adda sun karya turakun da ke kawo masa wuta. Saboda haka Gajibo bai jira wutar gwamnati ba, ya kafa wurin caji mai aiki da rana. Abu biyu muka lura da su a aikinsa. Motocinsa na haya ne masu gajeren zango, suna fita suna dawowa wuri ɗaya. Sannan bai tsaya kan juya tsofaffi ba, ya koma ƙera sabuwar bas mai kujera 12 tun daga tushe. Haka ma kamfanin Opibus na Nairobi a Kenya, wanda aka kafa a 2017: da juya manyan motocin kai baƙi kallon namun daji ya fara, daga baya ya sauya suna zuwa Roam ya karkata ga sababbin babura da bas. Waɗanda suka fi kowa sanin aikin juyi sun gano cewa tsohuwar mota ba don ɗaukar batir aka ƙera ta ba.

Don batir shi ne maganar duka. Bari mu yi lissafi a hankali, mai biro ya ɗauko.

Ƙaramar mota tana cin wuta wajen kilowat 15 a kilomita 100. Kilowat ɗin nan da muke nufi shi ne wanda mita ke ƙirgawa a gida, wanda ake rubutawa a takardar kuɗin wuta. Ɗauki babban batir ɗin sola na dalma da muka sani, mai amfe 200. A takarda yana riƙe kilowat biyu da ɗan ɗori, amma in kana so ya daɗe rabinsa kawai za ka riƙa sha, kuma nauyinsa ya kai kilo 60. Don samun kilomita 100 sai ka jera 12 ko 13. Kilo 750 ke nan, buhun hatsi bakwai da rabi, a cikin Starlet, kafin fasinja ko ɗaya ya shiga. Ƙafafun motar ba za su ɗauka ba, birki ba zai riƙe ba, kuma da irin wannan aikin na kullum baturan ba za su daɗe ba sai su fara sanyi. Batir na lithium, irin na cikin salula amma babba, shi ne ke yin aikin: wutar da ake buƙata nauyinta bai wuce buhu biyu ba, kuma yana jure caji sau dubbai in an kula da shi. Kuɗinsa ya sauko ƙwarai a duniya. A 2010 kilowat ɗaya ya haura dalar Amurka 1,000, a 2024 matsakaicin farashi ya koma wajen 115. Amma wannan farashin manyan kamfanoni ne masu saye jirgi-jirgi. Ko da shi aka yi lissafi, batir mai kilowat 20 ya wuce sefa miliyan ɗaya, ballantana a ce ya biyo teku, ya biyo hanya, ya biya duwan, ya bi ta hannun ƴan kasuwa uku kafin ya iso Damagaram. Ƙara injin lantarki da na'urori da kuɗin aiki. A ƙiyasinmu, wanda ya shiga wannan aiki da ƙasa da miliyan biyu zuwa uku zai tsaya a tsakiya, mota ba ta mai ba, ba ta wuta ba.

Me zai samu? Taksin da ke yin kilomita 100 a rana tana shan wajen lita bakwai. A kan 499, abin da muke ce wa ɗari a kasuwa, jika uku da rabi ke nan. In wuta ce, mu ƙaddara kowane kilowat a kan sefa 100, da ɗan abin da ke ɓacewa wurin caji, bai kai jika biyu ba. Ya rage jika ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, ga hutun juyen baƙin mai, ba fulogi, ba tace mai. A shekara, in motar ta fita kwana 300, abin zai kai jika 450 zuwa 600. Sai ta yi shekara huɗu ko biyar tana aiki kullum kafin ta mayar da kuɗin juyin, kuma da sharaɗin batir bai mutu a hanya ba. Ma'aikacin da ke zuwa ofis ya dawo, kilomita 15 a rana, shi kam sai dai jikokinsa su ƙarasa lissafin.

Sharaɗin nan na batir ba ƙarami ba ne a ƙasarmu. Lithium ba ya son zafi, musamman a yi masa caji yana da zafi, mu kuma a Afrilu da Mayu digiri 45 ba labari ba ne a Tawa. Motocin Nissan Leaf na farko, da baturansu ba su da ruwan sanyaya, sun rasa ƙarfi da wuri a jihar Arizona ta Amurka mai zafi irin namu, masu su suka yi ta ƙorafi a 2012. Irin waɗannan baturan ne na hannu ke yawo a kasuwar duniya da araha. Ɗan uwan da ke Turai zai iya saye da kyakkyawar niyya ya turo, ashe rabin ran batir ɗin ya riga ya tafi.

Sai mu zo kan wutar kanta. A Nijar wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, a ƙauyuka kuwa abin ya fi haka ƙaranci sosai. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da na Katsina zuwa Gazawa wanda ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka yanke ta a farkon Agusta, muka ga yadda gari ke zama, sai a 2024 bayan ɗage takunkumi ta dawo. An samu ci gaba, ba mu musu: tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018, ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30 da ta fara aiki a ƙarshen 2023. Madatsar Kandaji kuma ana jiranta har yanzu. Amma mai motar batir da ya dogara da soket ɗin ɗakinsa, a lokacin zafi da ake ɗauke wuta dare da rana, ya bar layin gidan mai ne ya koma jiran kuran. Kuma wayoyin yawancin gidajenmu ba a ja su don su ɗauki irin wannan nauyin awa shida ko takwas a jere ba.

Rana kam Allah ya ba mu. Sai dai farantin da zai zauna a rufin ƙaramar mota, mai wat 400, abin da zai tara daga safe zuwa yamma bai kai kilowat biyu ba, in an cire abin da zafi da ƙura ke ragewa. Kilomita 10 zuwa 12 ke nan, daga Maraɗi zuwa Tsibiri, ba dawowa. Don cika batir na kilomita 100 kullum sai farantai wajen 10 a kafe wuri guda. Kuma ga damuwa: lokacin da rana ke bayarwa, lokacin ne mota ke kan hanya tana neman kuɗi. Wannan ya sa kamfanoni irin su Spiro a Benin da Togo, da Ampersand a Ruwanda, suka bi wata dabara da babura. Ɗan kabu-kabu ba ya sayen batir, ba ya jiran caji. Yana zuwa tasha ya ajiye wanda ya ƙare, ya ɗauki cikakke, ya biya, ya wuce, kamar mai sauya tukunyar gas.

A ganinmu nan ne ƙofar take ga Nijar. Moto na cin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutar da mota ke ci, adaidaita kuma wajen rabi. Baturansu ƙanana ne, mutum zai iya ɗauka da hannu, kuɗinsu ƙungiya za ta iya haɗawa. Zangonsu gajere ne: cikin gari, ko Damagaram zuwa Mirriya, ko Maraɗi zuwa Madarunfa. Ƙungiyar ƴan adaidaita da za ta kafa rumfar sola ɗaya a tasha, da batura na musanya, ta fi mutum goma kowa na fama da tsohuwar motarsa a gida. Motar kasuwar ƙauye kuwa, mai ɗaukar mutum 20 da awaki da buhuna tana ratsa rairayi, ko mai tafiyar Maraɗi zuwa Yamai sama da kilomita 600, wannan a bar ta da manta tukuna.

Ba muna cewa masu sha'awar gwadawa su daina ba. Muna da yara a garejoji da makarantun koyon sana'a da ke kwance batir ɗin tsohuwar kwamfuta su haɗa fitila, su haɗa keke mai tafiya da kansa. Gajibo ma da irin wannan taɓe-taɓen ya fara. Motoci da babura na lantarki suna tafe ko mun so ko mun ƙi, Habasha ma tun 2024 ta hana shigo da ƙananan motocin mai, kuma ranar da suka cika kasuwarmu, makaniken da bai san wuta ba zai zauna yana kallon hanya. Wanda ke da halin ɓata kuɗi don koyo, ya yi, mu ma za mu zo da makirfo mu gani. Amma ya san da me yake wasa. Batir ɗin mota da muka saba bolt 12 ne, ka taɓa da hannu ba komai. Na motar lantarki daga bolt 100 ne zuwa 400, yana kashe mutum nan take. Lithium in ya kama wuta bokitin ruwa ba ya kashe shi, yakan lafa ya sake tashi, saboda haka ba a cajinsa a ɗakin da yara ke kwana, ba a haɗa sabo da tsoho, ba a cire na'urar gadinsa don rage kuɗi. Baturan dalma da suka mutu kuma kada a fasa su a tsakar gida. A unguwar Thiaroye ta Dakar, tsakanin 2007 da 2008, yara 18 suka rasu sakamakon gubar dalma daga fasa tsofaffin batura.

Akwai kuma takarda. Takardar mota tana ɗauke da irin man da take sha da ƙarfin injinta. Ka cire inji, takardar ta daina faɗin gaskiya, kuma ranar da aka yi hatsari kamfanin inshora zai fara duba nan. Mai niyya ya fara zuwa ofishin sufuri na jiharsa ya ji abin da ake buƙata kafin ya kwance ko ƙusa ɗaya.

Ɗan uwanmu na Libiya, ga abin da muka mayar masa. Ya turo kuɗin inji na hannu mai lafiya, ƙanensa ya koma kan hanya cikin wannan watan, tunda kowace rana da motar ke ajiye gidan ne ke asara. Abin da ya rage, in yana so ya sa ƙafa a harkar lantarki, ya nemi abokai huɗu ko biyar su fara da adaidaita ɗaya da farantai kaɗan, su gwada ta bazara guda, daga Maris zuwa saukar ruwa, suna rubuta kilomita nawa take yi kowace rana da caji ɗaya. Kuma duk wanda zai sayar musu da batir, su tambaye shi shekarar da aka ƙera shi, su sa a gwada abin da yake riƙewa a gabansu, sannan ya rubuta musu garanti a takarda. Ya ce zai yi shawara da ƙanen nasa ranar Juma'a ya sake kiran mu.